Riyal 1,200 gare ni: kyamara zan saya ko kwamfuta?

Mai girki, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. A Hindawiyya nake zaune, kuma wata huɗu ke nan da na fara ɗaukar bidiyon girki da wayata. Abin da ya tunzura ni, 'ya'yanmu da aka haifa a nan sun san kabsa da mandi da mutabbaƙ, amma sai yarinya ta isa aure ba ta iya kaɗa miyar kuka ba, balle ƙullun masa. Mutanen gida kuma kullum tambayata suke yadda ake dafa salik irin na Hijaz. So nake in koyar da duka biyun.

Ga abin da ya dame ni. Ƙugin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da ƙarar mai a kasko sun fi muryata fitowa. In na kashe mukayyif, wayar ta ɗau zafi ta tsaya da kanta. Hoton dishi-dishi ne, wani lokaci har da ratsi-ratsi yana wucewa. Manhajar da nake tacewa da ita tana manna mini tambarinta, in kuma na rubuta ƙuli-ƙuli ko ɗanwake sai akwati ya fito a gurbin ƙ da ɗ. Jiya bidiyon minti 12 ya kwana bai gama hawa YouTube ba. Na ɗauki adashi, riyal 1,200. Yayana ya ce in nemi kyamara ta hannu a Haraj, kasuwar kayan gwanjo, ɗiyata ta ce kwamfuta. Wanne zan bi?

Mai ɗaukar biki, Makka:
Wa alaikumus salam Anti. Ki ajiye maganar kyamara tukuna. Kyamara ba ta zuwa ita kaɗai, za ta nemi batir na biyu, da memori, da kwamfutar da za a juye aikin, kafin ki farga kuɗin sun ƙare, muryarki kuma tana nan yadda take. Na daɗe a wannan sana'a, abin da na lura shi ne mai kallo yana haƙuri da hoton da bai fita ba, amma da zarar ya kasa jin magana sai ya wuce.

Ki fara da makirufo na maƙalawa a wuyan riga. Akwai Boya BY-M1, igiyarsa mita 6 ce, ba zai ci kashi ɗaya cikin goma na kuɗinki ba. In wayarki ba ta da ramin iyafis, ki haɗa da ɗan adafta, ki gwada a shagon kafin ki biya. Sirrin ba a tsada yake ba, a kusanci yake: makirufon waya yana nesa da bakinki, shi ya sa yake kwasar komai na kicin ɗin. Na wuya kuwa tazararsa da baki ba ta wuce taƙi ɗaya ba.

Amma ni da za ki bi tawa, ki raba aikin biyu. Ki ɗauki girkin bakinki alaikum, mukayyif na aiki, waya ta sha sanyi. Bayan isha'i, yara sun kwanta, ki shiga ɗakin da ke da kafet da labule, ki riƙa kallon bidiyon kina ɗora bayani a kai. Ƙarar suyar kada ki goge ta duka, ki rage ta can ƙasa, don jin "cuuu" ɗin masa a tanda yana tsinka yawun mai kallo.

Ratsin nan daga fitila ne. Wutar Saudiyya tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar 50. Saboda haka a nan ki sa wayar a kan hoto 30 ko 60 a daƙiƙa, ban da 25 da 50. Ki jawo teburin kusa da taga da hantsi, hasken ya zo ta gefe, ki kashe doguwar fitilar rufi. Sai ƙafar ɗora waya mai lanƙwasowa ta sama, yadda za a ga cikin tukunya hannuwanki biyu suna aiki.

Mai gyaran waya, Shari'u Falasɗin:
Hajiya, maganar zafi ce ta sa na tsoma baki, don kusan kullum sai an kawo mini waya batir ya kumbura. Apple da kansu sun ce wayarsu tana aiki daidai ne tsakanin digiri 0 zuwa 35, ki duba kicin ɗin Jidda a watan Yuli ga risho a kunne. Ki cire mata riga kafin ɗauka, kada ki ɗauka tana caji, kada tururi ya riƙa dukanta. Ki sauke girman hoton da take ɗauka daga 4K zuwa 1080, ki riƙa ɗauka guntu-guntu: yanka albasa, tsaya, zuba mai, tsaya. Memori kuwa a babban shago za ki saya, mai alamar U3 ko V30. Na jabu sun yi yawa, a jiki an rubuta 128, sai kin cika shi ki tarar rabin aikin ya lalace.

Ɗalibi, Madina:
Anti, na yarda da su a kan makirufo, sai dai ban goyi bayan a raina shawarar ɗiyarki ba. Tace dogon bidiyo da yatsa a fuskar waya wahala ce, ranar da aikin ya yawaita za ki nemi kwamfuta da kanki. Yanzu dai waya ta isa. Manhajar tace bidiyo ta VN kyauta ce kuma ba ta manna tambari. CapCut ma tana da sauƙi, tana da wurin ɗora murya, wasu kayan cikinta ne na kuɗi. Ki zaɓi ɗaya ki zauna a kanta har hannunki ya faɗa.

In lokacin kwamfuta ya yi, mutane za su ce miki ki tace da manhajar DaVinci Resolve, kuma gaskiya ne kyauta ce mai kyau, amma tana son ram, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, mai gigabait 16. Tsohuwar kwamfuta mai ram 8 ta fi jituwa da Shotcut ko Kdenlive, su ma ba a biya.

Akwatin da kike gani ba laifin allon rubutunki ba ne, salon harafin da kika zaɓa ne bai ƙunshi ƙ, ɗ da ɓ ba. Ki nemi Noto Sans ki shigar, yana da su duka. Don Allah kada ki haƙura ki rubuta k a gurbin ƙ, yaran da kike koya wa girki suna koyon rubutun ma a wurinki.

Ɗorawa lissafi ne. YouTube sun ba da shawarar megabit 8 a daƙiƙa ga bidiyon 1080, wato kusan megabait 60 a minti. Naki na minti 12 bai kamata ya wuce 720 sosai ba. Na 4K kuwa 35 zuwa 45 suke so, ya ninka sau huɗu ko biyar, ina zaton abin da ya kwanar da ke ke nan. Wajen fitarwa ki zaɓi MP4, 1080, hoto 30. Ki kuma tabbatar da asusunki da lambar waya, in ba haka ba ba za su karɓi abin da ya haura minti 15 ba.

Hajiya, Shara Mansur:
Ɗiyata, Allah Ya yi albarka, ni ban san na'ura ba amma na san ƙasar nan. In kin fita kasuwa sayen kayan miya, kada ki ɗaga waya a kan fuskar mutane. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Ko a gida, maƙwabciya in ta shigo ki tsayar. Sannan ranar da mai shagon yaji ya ce ki tallata masa a biya ki, ki dakata ki yi tambaya. Tun 2022 talla a kafafen sada zumunta sai da lasisin gwamnati da ake kira Mausuƙ, kuma sharuɗɗan mai iƙama ba ɗaya suke da na ɗan ƙasa ba.

Mai girki, Jidda:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Mama, na ji, hannuwana da tukunya kawai za a riƙa gani. Na duba wayar, ashe a 4K take tun ranar da na saye ta. Na sauke, na sake ɗaukar dambun shinkafa da safe a bakin taga, wayar ba ta tsaya ba, kuma ya hau kafin in idar da la'asar. Gobe yayana zai raka ni sayen makirufo da ƙafar, sauran kuɗin na ajiye wa kwamfuta. Saura tambaya ɗaya: a tsaye zan riƙa ɗauka ko a kwance? 'Yan gida a WhatsApp da TikTok suka fi kallo.

Mai ɗaukar biki, Makka:
Cikakken darasi a kwance, Anti, don YouTube. Ki sa tukunyar a tsakiyar hoto, ki bar fili hagu da dama, in kin gama sai ki yanko na tsaye na minti ɗaya daga ciki don TikTok. Na WhatsApp kuma ki tura shi a matsayin fayil, ba ta wurin hotuna ba, don kada ya matse shi ya dusashe.