Neman shawara: fitilar zaren shagona tana canza launi, rimot ya ƙone

Mai Shagon Aski: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon aski a Kano, kafin Sallah na sayo fitilar zare ta LED mai canza launi a Sabon Gari, nadi 3, kowanne mita 5. An rubuta 5050 da 12V a jikin ledar. Na jona su baki da baki, mita 15, na kewaye madubi da silin, na ɗauko wuta kai tsaye daga batirin sola. Idan na danna fari, farkon zaren fari ne tas, amma can ƙarshe ya koma kamar ruwan goro. Da rana haske har kashe ido yake, da daddare sai ya dusashe. Jiya kuma ƙaramin akwatin rimot ɗin ya yi wari ya mutu. Jabu aka sayar mini ne? Don Allah a taimaka, hasken nan yana jawo mini yara masu aski.

Ɗan Kurna: Wa alaikumus salam. Oga ka sayi sitabilaiza kawai, tawa ta huta tun da na saka.

Baba Mai Gyaran Rediyo: A'a ɗana, sitabilaiza ta wutar gari ce mai bolt 230, shi kuwa daga batir yake ja, ba abin da za ta yi masa. Malam mai aski, kayanka ba lallai jabu ba ne, lodi ka yi musu. Irin wannan zaren mai ƙwai 60 a kowace mita yana cin kimanin wat 14.4 a mita idan aka kunna fari, domin farin nan ja ne da kore da shuɗi suke kamawa tare. Nadi ɗaya wat 72 ke nan, amfiya 6. Uku sun tashi amfiya 18. Duba bayan akwatin da ya ƙone, yawancinsu amfiya 6 aka rubuta, 2 ga kowane launi. Kayan jaki uku ka ɗora wa ɗaya.

Maganar launi kuwa, jan ƙarfen da ke cikin zaren siriri ne kamar takarda, wuta tana tafiya tana raguwa. Jan ƙwai bolt 2 ya ishe shi, kore da shuɗi sai sun sami sama da 3. To idan wuta ta yi rauni a ƙarshen layi, su ne ke fara sanyi, ja ya rage shi kaɗai yana mulki. Ruwan goron da kake gani ke nan. Ka raba su. Kowane nadi a ja masa wayoyinsa huɗu daga tushe, kada ɗaya ya sha ta bayan ɗaya. Akwai abin da ake kira amfilifaya ta RGB, wato ta ja da kore da shuɗi, tana karɓar umarni daga akwatin rimot amma wutarta daban take ɗauka. Akwatin ya riƙe nadi ɗaya, sauran biyun kowanne da tasa, launi zai canza tare. Waya kuma kada kaurinta ya gaza 1.5mm², ta jan ƙarfe ta gaske, ba wadda aka yi wa fenti ba.

Injiniyan Sola: Baba ya gama magana a kan wannan, Allah ya ƙara girma. Ni abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jonawa kai tsaye a batir. Sunan batir bolt 12 ne, amma ba ya zama a 12. Lokacin da rana take cajinsa yana kai 14.4, cikin dare kuma ya sauko ƙasa da 12. A zaren nan ƙwai uku-uku ne a jere, kore ko shuɗi uku sun cinye wajen bolt 9 da ɗoriya, ragowar ce ke ƙayyade yawan wutar da ke ratsa su. A 12 ragowar ba ta kai 3 ba, a 14.4 ta kai wajen 5. Hasken da ke burge ka da rana gasa ƙwayayen yake yi, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Ka nemi na'urar daidaita wutar batir wadda ke ragewa kuma take ƙarawa, 'yan kasuwa bok-bus suke ce mata. Mai ragewa kaɗai ba za ta yi ba, da dare za ta bar ka. In kana da inbata, ya fi sauƙi ka sa adaftar ƙarfe ta 12V mai amfiya 25, don a bar mata sarari. Kuma fiyus kusa da kan batir, wannan ba na wasa da shi, na ga waya ta narke a cikin silin.

Hajiya Mai Kwalliyar Biki: Ƙanena, mu da ke kafa su a wurin biki mun daina barin su a fari. Launi ɗaya kashi ɗaya cikin uku yake ci. Ka sa farin ƙwai na daban a gaban madubi don aski, zaren ya tsaya a shuɗi ko kore. Gam ɗin bayansa ma zafi na sakinsa, ka manna shi a kan siririn alminiyam, yana shanye zafin. In za ka yanka, a kan alamar almakashi kawai.

Mai Shagon Aski: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ari mitar awo wurin maƙwabcina na gwada da wani akwatin: bolt 12.3 a farko, 9.6 a ƙarshen zaren. Baba, gaskiyarka. Na cire nadi ɗaya tukuna, gobe zan shiga kasuwa neman amfilifaya da fiyus. Injiniya, batirina 100Ah ne, ga fanka da injin aski biyu a kansa. Zai ɗauki mita 10 zuwa ƙarfe 10 na dare?

Injiniyan Sola: A fari, amfiya 12 ne, awa 4 sun cinye rabin batirin tun ba a lissafa fanka ba, kuma batirin ruwa ba a so ya wuce rabi. A launi ɗaya amfiya 4 ne, zai kai ka. Turo mini wat nawa aka rubuta a jikin fankar.