Diwanin fari ya dawo daga maɗaba'a

Mai Diwani, Maradi:
Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya na karɓo kwafin gwaji, ga abin da na tarar.

Shekara bakwai ina tarin baiti,
Wasu a waya, wasu kan takardar masa.
Jiya na riƙe su cikin bango guda,
Na buɗe, sai gwiwata ta yi ƙasa.
Madannan mai bugu na Faransanci ne,
Ba su san harafi mai lanƙwasa.
Na ce ina ƙaunar ƙasata,
Ya mayar mini da ita macijiya, kasa.
"Ƙarya" ta zama "karya" mai haushi,
Waƙar wa'azi ta koma wasa.

Yaya ta Tsibiri:
Ƙanena, barka da sauka lafiya,
Haihuwar fari dama sai da wuya.
Ƙugiya jan biro ke maido ta,
Ni ga abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya:
Ran bikin nan "tahiya" ka rera mana,
A shafi na tara na ga "tafiya".
"Biyat" ɗinmu ta koma "biyar",
Yaushe ka fara jin kunyar harshen Iya?
"Ɗiya" ta tsuke ta zama "ƴa",
Gaɓa ta zube, ma'auni ya sha wuya.

Mai Diwani:
Yaya, ba kunya ba ce, kasuwa ce,
Littafin zai ƙetare Ɗan Isa.
Jibiya, Katsina, har Kanon Dabo,
Can masu saye suke, ba nan kusa.
Daidaitacciyar Hausa kan Kananci aka gina ta,
Na bi ta don waƙa ta yi nisa.

Baba Malam, Madarunfa:
Ɗana, matso in gaya maka,
Mu da ajami muka fara tun fari.
Yadda baki ya faɗa haka tawada ke bi,
Mai karatu da murya yake gano kari.
A 1966 an zauna Bamako,
Haruffan boko aka yi wa tsari.
Ba a ce Bakatsinen Maradi
Ya bar furucin gidansu ba don tsari.
A 1945 Gulbi ya yi ambaliya,
Ya cinye gidajen tsohon gari.
Aka kwashe kaya aka hau tudu,
Maradi dai ake kiran sabon wuri.
Gabatarwarka yi ta da Kananci,
Baitin da ka rera kuwa, ka bari.
Kalmar da za ta ɗaure wa baƙo kai,
Ƙasan shafi ka warware ta a sarari.

Yaya ta Tsibiri:
Baba ya gama magana. Saura ni:

Wace ce "mai tulu" ta waƙa ta sha biyu,
Da ka ɓoye mana tun shekaran jiya?

Mai Diwani:
Baba, na gode, gobe da sassafe
Zan koma da jan biro in zauna masa.
Ɗango ɗango zan rera a kunnensa,
"Tahiya" da "ɗiya" su koma bisa.
Mai tulu kuwa, Yaya, a bar zancen,
Kawu na karanta mu, yana nan kusa.

Yaya ta Tsibiri:
To, a ajiye mini kwafi guda kyauta.

Mai Diwani:
Jaka biyu ne, Yaya. Mai bugu bai san zumunci ba.