Mu yi wa "streaming" suna da Hausa

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kishin harshe. Akwai kalmar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so mu taru mu raɗa mata suna: abin da Turawa ke kira streaming. Wato mutum ya kalli fim, ko wasan ƙwallo, ko karatun malami ta intanet a daidai lokacin da hoton yake isowa, ba tare da ya sauke shi ya adana a waya ba.

Sauran kayan kallo ba su wahalar da mu haka ba. Akwatin talabijin ya samu sunansa tun kafin gidan talabijin na jihar Kano, CTV, ya koma ARTV. Kaset ɗin bidiyo ya zo, a kansa finafinan Hausa suka tashi wajen 1990, sidi ya ture shi. Da Arewa24 ta fara aiki a 2014, ba kuɗin wata, sai ga dish a kan rufin ɗakunan ƙasa, dikoda da rimot suka shiga bakin kowa. Waɗannan duk abubuwa ne da ake taɓawa da hannu, ana nuna su da yatsa. Shi kuwa wannan hanya ce ta kallo, ba a ganin ta, shi ya sa har yau take yawo ba suna.

Kada a ce ba ruwan ƙauye da wannan magana. A nan karkarar Ringim yawancin kallonmu na turi ne. Ka je shagon caji bayan La'asar, ga wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta, janareta na ta ƙara a baya, yaro na zaune gaban kwamfuta ana miƙa masa memori yana cikawa da finafinai. Abin da aka tura maka naka ne, ko sau goma ka kalla ba wanda zai sake karɓar ko sisi. Amma yanzu finafinai masu dogon zango da yawa a YouTube suke fara fita, ga kuma Northflix, manhajar kallo ta intanet, da ta zo da finafinan Hausa a 2019. Sai ka ga Inna ta kalli shiri jiya a wayar jikanta, yau ta ce a sake kunna mata, a ce babu data. Ta ce ba jiya aka saya ba? To da wace kalma za a yi mata bayani? Asarar kuɗi ce ta gaske, kuma rashin suna yana cikin abin da ke jawo ta.

Ga yadda abin yake aiki, don sunan ya dace da shi. Ana yanka bidiyon gutsi-gutsi, kowane na 'yan daƙiƙoƙi. Waya tana ɗebo kaɗan a gaba, ta nuna, ta ɗebo na gaba, wanda ya wuce ba ta ajiye maka shi. In sabis ya yi rauni sai ta rage kyan hoton, in ya ƙi gaba ɗaya sai ɗan da'irar nan ya tsaya yana juyi a tsakiyar allo. Turi da saukewa ruwan randa ne, ka ɗebo ka ajiye. Wannan kuwa ka tara hannu ne a bakin famfo, muddin yana zuba kana sha, ya ɗauke ka tashi.

Fassarar na'ura "yawo" take ba mu, har ka ga an rubuta "dandalin yawo". Wannan kam ban yarda da shi ba ko kaɗan. Bahaushe in ya ji yawo, gantali ya ji. Ka ce wa dattijo ɗansa yana dandalin yawo ka ga yadda fuskarsa za ta canza.

Wasu sun ce "kai tsaye". Kalma ce mai kyau, amma tana da aikinta tun a rediyo: abin da ake watsawa a lokacin da yake faruwa. Tafsirin da ake yi yanzu a masallaci kana gani a Facebook, kai tsaye ne. Fim ɗin da aka ɗauka bara kana kallo yau a YouTube, ba kai tsaye ba ne, alhali hanyar isowarsu ɗaya. In muka ɗora wa kalmar kaya biyu, za mu rasa duka biyun.

Wani ɗan'uwa mai shagon caji ya ce su "kallon data" suke cewa, kuma wallahi na ji daɗinsa, don daga bakin masu abin ya fito, ya kuma taɓo inda ke yi wa talaka ciwo. Matsalarsa ɗaya: saukewa ma data take ci. Bai raba mana abin da muke son rabawa ba. Aron kalmar kuma, a ce "sitirimin", ba laifi ba ne a Hausa, mun ari rediyo da talabijin mun zauna lafiya. Sai dai ba ta gaya wa Inna komai.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne "kwarara". Dalilina na farko, kalmar tana tafiya ta fuska biyu: ruwa yana kwarara da kansa, mutum kuma yana kwarara ruwa. Haka muke bukata a nan, don akwai mai sakowa akwai mai karɓa. Na biyu, duk wanda ya ji ta ya san abu ne mai wucewa, ba mai zama ba. An kawo "gudana", amma ta riga ta gaji da aiki, taro ma gudana yake yi, zaɓe ma haka. An kuma kawo "kwararo" a matsayin suna, sai dai a rubuce ba ka bambanta shi da kwararon da ke tsakanin gidaje, gara mu bar shi a aikatau kawai.

Ku gwada ta a baki ku ji. "Saukewa za ka yi ko kallon kwarara?" "Wannan manhajar kwarara ce, ba ta turi." "Ana kwararo wasan kai tsaye da ƙarfe takwas." Kun ga a jimlar ƙarshe kalmomin biyu sun zauna tare, kowace da aikinta. Masu sauraron karatu ko waƙa su ce sauraron kwarara.

Malamanmu na Hausa da ma'aikatan rediyo, ku ne kalma ke bi ta bakinku ta isa gidaje, don Allah ku auna ta. In akwai karin harshen da "kwarara" ke da wata ma'ana marar daɗi, a Haɗeja ko Gumel ko wajen Kazaure, a faɗa mana tun yanzu kafin mu fara rubuta ta.