Siririyar waya mai zafi ta awon iska a Mak 2 (ninki biyu na gudun sauti): me siginar ke nunawa?

Bala: Salamu alaikum. Ina auna kaɗawar iska a ramin gwaji (bututun da ake hura iska a ciki), Mak 2, da wayar tangstan mai kaurin maikiron 5 (kashi 5 cikin dubu na milimita) da na'urar CTA (mai riƙe zafin wayar kada ya canza). Yaya zan ware kaɗawar gudu kaɗai? Kuma wayar sai tsinkewa take.

Malama Hadiza: Wa'alaikumus salam. Gudu kaɗai ba zai fito ba. Sama da Mak 1.2, wayar tana jin cunkoson iska da gudunta a haɗe, sannan jimillar zafi (zafin da iskar za ta kai in an tsayar da ita). Bi hanyar Kovasznay: maimaita awon a matakan zafin waya aƙalla 3, domin abubuwa uku kake nema, kaɗawar kowanne da alaƙar da ke tsakaninsu. Matakai 8 ko 10 sun fi, hayaniya tana raguwa.

Injiniya Sani: Tsinkewar, Malam Bala, yawanci ƙura ce ko bugun iskar lokacin tayar da rami. Sa matata, janye wayar har iska ta daidaita. Kada ka ɗaure ta tam, bar mata ɗan sako-sako, in ba haka ba girgizar ƙafafun da ke riƙe da ita za ta shiga sigina.

Malama Hadiza: A ƙaramin zafi CTA tana jinkirin amsawa. Don haka sake saita gadar lantarkin da ke cikin na'urar a kowane mataki. Kada tangstan ya wuce digiri 300 na Celsius, zai lalace.