Katakon silin zai iya ɗaukar ɗaki, ko sai an jera sabo?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana aikin katako da gini. Ina so in mayar da sararin da ke tsakanin silin da rufin gidana ɗakin kwana, domin tsayinsa daga saman katakon silin zuwa ƙololuwar rufi ya kai mita 2.6. Katakan da ke riƙe da silin ɗin tubaifo ne, wato milimita 50 da 100, an jera su da tazarar santimita 40, kuma daga bangon waje zuwa bangon tsakiya akwai mita 3.8. Kafintan da na fara kirawowa ya ce a ɗora wani tubaifo a kan kowane ɗaya, a buga ƙusa, a shimfiɗa falanki, shi ke nan. Hankalina bai kwanta ba, domin ranar da muka hau dubawa na ga katako ɗaya ya lotsa da kafintan ya taka tsakiyarsa, da muka sauko kuma sai muka tarar da siririyar tsaga a silin ɗin falo. Shin dabarar tasa za ta riƙe, ko sai an jera sababbin katakai? Idan sababbi ne, a kan me za su zauna, kuma da me ake ɗaure su?

Tsohon Kafinta:

Wa alaikumus salam, Malam. Tsagar da ka gani ta riga ta ba ka amsa. Katakon silin ba a yi shi don a zauna a kansa ba. Aikinsa ya riƙe allon silin, ya ɗauki ɗan tarkacen ajiya da mutum ɗaya da ya hau gyara. A lissafin da aka saba amfani da shi, ana ba silin kimanin kilo 25 na kaya a kowace murabba'in mita, alhali daɓen ɗakin zama ana ba shi kilo 150, ban da nauyin katakon kansa.

Dabarar ɗora tubaifo a kan tubaifo tana ruɗar mutane da yawa, don ido yana ganin kauri ya ninka. Gaskiyar magana ita ce, katako ɗaya mai zurfin milimita 200 ya fi mai zurfin 100 tauri sau takwas, amma guda biyu masu 100 da aka ɗora wa juna, idan nauyi ya hau sai na sama ya zame a kan na ƙasa, taurinsu kuma bai wuce ninki biyu da ɗan wani abu ba, ko da an buga musu 'yan ƙusoshi. Ga tsawon mita 3.8 irin naka, abin da na saba gani shi ne katako mai milimita 47 da 200, busasshe, mai hatimin da ke nuna darajar ƙarfinsa irin C24, a jera shi da tazarar santimita 40 a tsakankanin tsofaffin. Abin da ba na wasa da shi shi ne a ɗaga sababbin su bar rata ta kamar milimita 25 tsakaninsu da allon silin, kuma kada a haɗa su da tsofaffin, domin kowane daɓe yana ɗan lanƙwasawa idan an taka shi, idan kuwa ya taɓa silin to tsagar nan za ta zama abokiyar zamanka.

Ka kuma sa a ranka cewa wannan tsari zai ci maka kusan santimita 14 daga tsayin ɗakin, tun kafin a zo maganar lulluɓe ƙarƙashin rufi.

Injiniyan Gini:

Baba ya faɗi gaskiya game da katakon, ni kuma zan tsaya a kan inda nauyin zai sauka, domin daɓe mai ƙarfi da ya zauna a kan bango marar ƙarfi bai amfana komai ba. Malam, kafin ka sayi ko katako ɗaya, a tabbatar bangon tsakiyar nan yana da harsashinsa kuma ya miƙe tun daga ƙasa har sama ba tare da an goce shi ba. Bangwaye da yawa na cikin gida raba ɗaki kawai suke yi.

Matsala ta biyu tana bakin bangon waje, inda rufi yake gangarowa ya haɗu da bango. A nan sau da yawa babu sararin da katako mai zurfin 200 zai shiga sai an fere kansa, kuma idan aka fere shi da yawa an raunana shi daidai wurin da yake zaune. Shi ya sa aka fi sa bim na ƙarfe, wato dogon ƙarfe mai kwarmi a kowane gefe, a ɗan matso da shi ciki, ya ratsa daga wannan bango zuwa wancan, kowane kai nasa ya zauna a kan tubalin kankare da zai watsa nauyin a jikin bango don kada ya murƙushe bulo. Sai a cusa katako a cikin kwarmin bim ɗin, a ɗaure shi da noti mai kaurin milimita 12, sannan a rataya katakan daɓe a jikinsa da hangar ƙarfe, wato ƙarfen da aka lanƙwasa kamar aljihu don kan katako ya zauna a ciki. Girman bim da tazarar notin ba a yin su da kintace, sai injiniya ya zo ya auna ya yi lissafi, kuma hukumar da ke kula da gine-gine a inda kake ta amince da zanen.

Ina kuma jan kunne: kada a yanke tsohon katakon silin don kawai an sa sabo. Shi ne yake ɗaure ƙafafun rafta, wato katakan da ke gangarowa daga ƙololuwa suna ɗauke da rufi, daga ɓangare zuwa ɓangare, idan aka yanke shi ba tare da an yi wani ɗaurin ba, rufin zai fara ture bangwaye waje. Inda ya zama dole a yanke, wato ramin matakala, sai a kewaye ramin da katakai bibbiyu da aka haɗe da noti.

Mai Neman Sani:

Na gode ƙwarai, Baba da Injiniya. Saura abu biyu. Kafintan ya ce sukuru ya fi ƙusa riƙe hanga, shin haka ne? Sannan akwai wayoyin lantarki da bututun ruwa da suka ratsa wurin, ko za a iya sassaƙe sabon katakon su wuce?

Tsohon Kafinta:

A'a, Malam, sukurun katako na gama-gari bai dace da hanga ba, domin nauyin da ke kanta yankan gefe yake yi, shi kuwa sukuru karyewa yake yi farat ɗaya inda ƙusa za ta lanƙwasa ta ci gaba da riƙo. A yi amfani da gajeriyar ƙusar nan mai murɗaɗɗen jiki, mai tsawon milimita 30 da kaurin 3.75, ko sukurun da masu ƙera hangar suka ayyana, kuma a cike dukkan hudojin da suka ce a cike. Na taɓa zuwa gyaran wani daɓe da yake kuka duk inda aka taka, da na ɗaga falanki sai na tarar kowace hanga ƙusa huɗu kawai aka buga mata, kan katakon ma bai kai ƙarshen hangar ba, har yatsana yana shiga ratar. A yanka katako daidai, ya zauna daram a gindin hanga, ya manne da wanda aka rataya shi a jiki.

Tunda tsawonka ya wuce mita 2.5 amma bai kai 4.5 ba, sai a buga jeri ɗaya na guntayen katako a tsakanin katakan, daidai tsakiyar tsawon, don su hana su murɗewa. Da ya wuce 4.5 da sai jeri biyu. Falanki mai kaurin milimita 18 ya isa ga tazarar santimita 40, a shafa gam a ɗaure da sukuru.

Maganar waya da bututu kuwa, kada a taɓa sassaƙar ƙasan katako, kada kuma a sassaƙa a tsakiyar tsawonsa, don nan ne ya fi shan wahala. Sassaƙa a sama ake yi, nesa kaɗan da inda katakon ya zauna, kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na zurfinsa, wato milimita 25 a naka. Huda kuma a tsakiyar zurfin ake yin ta, faɗinta kada ya wuce rubu'insa, wato milimita 50, a wurin da ke tsakanin kashi 25 da kashi 40 cikin ɗari na tsawon daga bango. Ga naka mai mita 3.8, wannan ya kama daga santimita 95 zuwa kusan 150. Ka sa mai lantarki da mai famfo su zo su nuna hanyarsu tun katakan suna ƙasa, a yi musu alama da fensir kafin a ɗaga su.