Da insulin ya shiga jini, aiki ya ƙare kenan?

Baban Khalifa: Salamu alaikum. An ce mini da zarar insulin, maganin ciwon suga na allura, ya shiga jini suga zai sauka. To na Hajiyarmu sai ya daɗe bai sauka ba bayan allura. Abin ya dame ni, har ina zargin maganin.

Mai Kemis, Pantami: Wa alaikumus salam. Gaskiya aka faɗa maka, Yaya, ina ne jini ba ya zuwa? Ka duba ajiya. Zafin Gombe na Maris da Afrilu yana rage ƙarfin insulin in ba a firji yake ba.

Anti Nas: Zancen ajiya na yarda, amma na farkon ban yarda ba. Jini ai a cikin jijiya yake tafiya, ba ya taɓa tsoka. Sai insulin ya ƙetare bangon ƙananan jijiyoyin da suka fi gashi siranta. A hanta bangon kamar rariya yake, yana wucewa salin-alin. A tsoka kuwa, inda yawancin suga ke shiga bayan cin abinci, saƙar a matse take. Shi ya sa insulin ɗin da ke ruwan tsoka bai kai na jini ba, kuma a makare yake isa.

Mai Kemis: To in a matse take, ta ina yake bi, Anti?

Ɗalibin Likitanci: Nan ma masana ba su daidaita ba. A 1985 wasu masu bincike, King da Johnson, suka nuna ƙwayoyin bangon suna kama shi su haye da shi, kamar masu fito a Gongola. A 2018 kuma masu bincike a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka duba tsokar ɓeraye, suka ce ruwa kawai yake bi ya fita, ba sai an kama shi ba.

Mai Kemis: Ka ga kenan maganata, ruwa yake bi!

Anti Nas: A'a ƙanena, ko a hakan jinkirin yana nan. Baban Khalifa, wane iri Hajiya take yi? In farin nan ne mai kamar ruwa na da, yana ɗaukar kusan minti 30 kafin ya fara aiki, don haka ake yin sa kafin abinci. Don Allah kada ku ƙara mata adadi da kanku, suga na iya faɗuwa ta suma. Ku rubuta awon suganta na kwana uku ku kai wa likitanta.

Baban Khalifa: Shi ne, Anti. Kuma bayan ta ci tuwo muke yi mata. Gobe in sha Allah zan kai ta.