Baikal ko 'yar Turkiyya: muhawara a zauren maharban Kaduna

Na Rigasa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun jiya raina a ɓace yake. Shekara 3 ina tara kuɗi don in canza tsohuwar bindiga mai baki ɗaya da nake riƙe da lasisinta, in samu mai baki biyu, irin wadda bakunan ke kwance gefe da gefe. Wani dillali ya nuna min wata 'yar Turkiyya ta hannu, an zuba mata zane a jiki sai sheƙi take. Na cire katakon gaba, na riƙe gindin na girgiza, sai ga bakin yana motsi kamar haƙorin da ya kusa fita. Da na yi magana, a gaban mutane ya ce wai ban san kaya ba. To ni dai na faɗa: ga talaka mai neman makwarwa da zabon daji, babu kamar Baikal ta Rasha, IZH-43. Ba ta da ado, tana da nauyi, amma ba ta gajiya. Shekara 20 ina mafarauci, ba yau na fara ba. Mai ja ya fito.

Baba na Kawo: Wa alaikumus salam. Yaro, mafarauci ka ce? Gyara bakinka. Kai maharbi ne. Farauta da karnuka ake yinta da gora, a buga kiɗa, a yi gayya, Sarkin Dawa ya sa rana, a kewaye daji. Mai tafiya shi kaɗai da bindiga a kafaɗa sunansa maharbi, shugabansa kuma Sarkin Baka.

Na Rigasa: Baba, Allah ya ƙara girma, ai maganar bindiga na kawo.

Baba na Kawo: Na ji. Amma in suna ya karkace, sauran ma karkacewa za su yi.

Ɗan Mando: Baba, da girmanka, yanzu kowa farauta yake cewa. Ko a rediyo mafarauta ake kiran masu bindigar toka da ke taya jami'an tsaro shiga daji. Su ma za ka ce su gyara baki?

Jikan Sarkin Dawa: Rediyo ce za ta koya mana sana'ar gidanmu? Kakana ya yi shekara da shekaru yana jan farauta, bai taɓa ɗana kunama ba. Na taso ina ganin ƙafafunsa duk tsagar ƙaya, karnuka 7 a bayansa, in kare ya kamo zomo mutum biyu su kama kokawa a kai har sai an raba. Wannan ce farauta. Wanda ya laɓe a gindin kalgo yana jiran kurciya ta sauka ya sha ruwa kada ya ari sunanmu.

Ɗan Mando: Laɓewa? Ka taɓa bin makwarwa? Tana kwance a ciyawa sai ka kusa taka ta, ta tashi fir da ƙarar fuka-fuki har gabanka ya faɗi, kafin ka ɗaga bindiga ta yi nisa. Don haka aka yi mai baki biyu da kunama biyu: ta gaba ta harba bakin dama mai faɗin watsi don na kusa, ta baya ta harba na hagu da aka matse don wadda ta yi nisa. Wannan aikin ido ne da hannu, ba a gado shi a bakin kare.

Jikan Sarkin Dawa: Kare ka ce? Ka janye.

Ɗan Mando: Kai ka fara cewa muna laɓewa.

Injiniya na Kakuri: Jama'a a dawo kan hanya. Ɗan uwa na Rigasa ka yi daidai da ka girgiza ta. Ƙara da wannan: ka raba bakunan da jikin, ka rataye su a yatsa, ka ƙwanƙwasa da farce. In sun yi ƙara kamar ƙararrawa, haɗin tsakaninsu lafiya lau. In ka ji ƙarar ta mutu, ya fara sakewa, ka ajiye. Ka leƙa ciki ta hasken rana ka duba ramukan tsatsa. Amma kada lalatacciya ɗaya ta sa ka yi wa Turkiyya kuɗin goro. Kamfanonin Huglu da Yildiz na Turkiyya suna yin masu kyau, ko CZ Bobwhite da ake sayarwa a Amurka Huglu ke ƙera ta. Sun fi Baikal sauƙin ɗauka in za ka wuni kana tafiya a fadama.

Na Rigasa: Injiniya na gode, kai kaɗai ka taɓa abin da na tambaya. Amma sauƙin nauyi shi ke sa ta dukan kafaɗa.

Baba na Kawo: Injiniya, kai ma ka ce masa ɗan uwa ba ka ce mafarauci ba. Ka ga kenan ka yarda da ni.

Injiniya na Kakuri: Baba ban shiga wannan ba.

Malam na Tudun Wada: Ko maharbi ko mafarauci, a Larabci duk sayyad ne, hukuncinsu ɗaya. Ka ambaci sunan Allah lokacin harbi, in ka tarar da tsuntsun da sauran rai ka yanka. Wuƙa a aljihu ta fi wannan gardamar amfani.

Jikan Sarkin Dawa: Allah gafarta Malam, Hausa muke yi. Larabci bai raba ba, mu mun raba.

Ɗan Mando: To tunda kun raba, ku faɗa mana rabonku da gayya. Wa ke shiga dajin Birnin Gwari da gora yanzu? Kamuku ma gandun gwamnati ne, an hana taɓa ko tsuntsu. Mu da muke zagaya gonaki wajen Kangimi bayan an cire amfani, mu muka rage a daji.

Jikan Sarkin Dawa: Rashin tsaro ne ya zaunar da mu, ba tsoro ba. Wannan gorin ya yi min ciwo wallahi, mun binne mutane a kan hanyar nan.

Ɗan Mando: Allah ya jiƙansu. Wannan kam na janye. Ta kare ban janye ba.

Na Unguwan Rimi: Ni tambayata lasisi. Dokar makamai ta 1959 ta ce irin wannan bindiga sai da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma a 2023 ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi. Takardar mai baki ɗaya lambar waccan bindigar ke jiki, ba za ta rufe sabuwa ba. Ka fara zuwa hedikwatar 'yan sanda ka ji matsayinka kafin ka ba kowa sisi.

Baba na Kawo: Ka ga mafarauci na gaske ba ya neman takarda, gorarsa ce lasisinsa. Ga bambancin ya fito da kansa.

Shugaban zaure: To jama'a dare ya yi, zan rufe. Abin da na fahimta: mafi yawa sun gamsu da Baba cewa mai bindiga maharbi ne, kuma sunan zauren nan ma ya shaida. Ni ma haka na ji daga mahaifina. Batun bindiga kuwa, Injiniya ya nuna 'yar Turkiyya ta fi, ni ma Huglu nake riƙe da ita shekara 6 ko sau ɗaya ba ta ba ni kunya ba. Ɗan Mando ya nemi afuwar gidan Sarkin Dawa.

Ɗan Mando: Shugaba, mutum biyu ne mafi yawa? Kuma rabi na janye.

Injiniya na Kakuri: Ban ce ta fi ba, na ce ta fi sauƙin ɗauka.

Na Rigasa: Shugaba kafin ka rufe. Litinin in Allah ya kai mu zan je hedikwata kamar yadda na Unguwan Rimi ya ce. Injiniya, in takarda ta yiwu, ina roƙon ka raka ni mu ƙwanƙwasa bakin Baikal ɗin tare, kunnenka ya fi nawa.